Maɗacin Yaya

Ni dai aji uku na yi a firamare na sallami kaina, kuma ban ji labarin malaminmu ya yi kuka ba. Sauran karatun a tasha na yi shi. Na yi yaron mota, na yi kwandasta, na ƙare a kamasho, ina ihun "Abuja saura mutum ɗaya" alhali ba kowa a motar sai direba da ƙuda. To mutumin da bakinsa ya ciyar da shi har tsufa, in ya zauna ba da labarin bishiya, sai a yi masa uzuri in ya ɗan ratse.

A ƙofar gidanmu nan Suleja akwai wani maɗaci. Mun buɗe ido mun gan shi, mahaifinmu ma ya ce tarar da shi ya yi. Muna yara unguwarmu ita ce ƙarshen gari, in ka zagaya bayan gidanmu sai gonakin doya da dawa har inda ido ya tsaya. Yanzu kuwa ko akuya ce ta kwance, sai ta nemi izini kafin ta sami wurin juyawa. Gidajen haya ne da shaguna, da mutanen da ke kwana a Suleja su yini a Abuja, ba ka ganinsu sai da sassafe suna rige-rigen mota. Bishiyoyin da muka sani duk an cinye su ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tsare fili, waccan ta tsare hanya. Maɗacin kaɗai ya rage a layinmu. Ya yi kai cunkus kamar hadari, mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsa.

Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai hankalin gidanmu. Da Allah ya tashi rabon hankali ya ba shi nasa, ya haɗa masa da nawa. Tela ne, a gindin maɗacin nan ya kafa kekensa tun yana saurayi. Ni ina tasha ina faɗa da fasinja, shi yana nan yana ɗinki, maƙwabta ba su taɓa jin muryarsa ta tashi ba. Da girma ya zo sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina jin magana, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta turo ta kamar motar da batirinta ya mutu. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa mata suna ɗakunansu, sai ya zama ni da maiɗakina muke kula da shi.

Kullum da safe mukan ɗauko shi a kujerar roba mu ajiye a gindin maɗacin. Nan ce duniyarsa. Mai tafiya kasuwa ya tsaya ya gaishe shi, ɗan acaɓa ya danna masa hon, matan da ya ɗinka wa kayan suna su tsaya su nuna masa yadda yaran suka girma. Shi kuwa ya ɗaga hannun hagu. Ɗakinsa rufin kwano ne, gajere, in rana ta take sai ka ce tanderun burodi. Akwai lokacin da mura ta sa muka bar shi a ciki 'yan kwanaki, sai ya juya fuska bango ya ƙi abinci, ko kunu sai da lallashi. Tun daga nan na san abin da ɗakin nan zai yi masa in aka ce nan zai zauna.

Jikin katangarmu gidan Madam ne. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta daɗe a Suleja har Hausarta ta fi tawa tsafta, don ita ba ta yi zaman tasha ba. Mijinta yana aiki a Abuja, ita tana da shagon kayan masarufi a gaba, ɗakunan kwana a baya. Tsakaninta da Yaya sai alheri. Ita ke aiko masa da ruwan sanyi da azahar. In za ta coci ran Lahadi sai ta tsaya ta juya a gabansa ta ce, "Baba Tela, ɗinkin nan ya yi ko a mayar?" Ya duba da kyau, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Ni kuwa Baba Kamasho take ce mini, kuma ko cewa na yi ana ruwa sai ta leƙa waje ta gani. Ta san ni.

Jikokina kan nuna mini a waya irin guguwar ƙasashen bakin teku, wadda har suna ake raɗa mata kamar jaririya. Tamu ba ta da suna, ba ta kuma yin sallama. Farkon damina, bayan an sha zafi har mutum ya rasa inda zai sa kansa, sai ka ga gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye su yi tsit. Iskar da ke riga ruwa isowa, ita ce muguwar. A shekarar da nake ba da labari, da la'asar ta zo. Da ƙyar muka shigar da Yaya zaure. Ledoji suka tashi sama, kwanon wani gida ya wuce ta kanmu kamar tabarma, sai muka ji ƙaƙaƙas, sannan rugum. Babban reshen da ya miƙa ta kan gidan Madam ne ya tsage daga jikin uwar, ya ɗaye ɓawo, ya sauka a kan ɗakin 'ya'yanta. Ya ratsa kwano, ya ratsa silin, ya kwanta a kan katifa. Allah ya sa yaran suna shago wurin uwarsu.

Da ruwa ya ɗauke Madam ta fito. Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi, da na san yadda zan yi da ita, don ihu sana'ata ce. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin, ta nuna mini katifar ta ce, "Baba Kamasho, nan autata take barcin rana. Ka faɗa mini yadda zan yi." Na dubi reshen, na dubi katifar, na fito.

Washegari mai unguwa ya zo ya duba, ya ce maganar ba ta da tsawo, rai ya fi inuwa. Aka kira mai injin yankan katako. Ya zagaya maɗacin yana shafa shi yana haɗiyar yawu, irin kallon da mahauci ke yi wa bijimi. Ya ce aiki ya yi masa yawa, bishiyoyi sun faɗi ko'ina a gari, amma da ya gama da na wajen kasuwa zai zo mana. Ban yi musu ba. Da wane bakin? Na ga katifar da idona.

Abin da ya gagare ni shi ne gaya wa Yaya. Ashe ya ji komai, kunnensa ai lafiya lau yake. Na durƙusa gabansa ina kame-kame, sai ya damƙi wuyan rigata da hannun hagu, ya yi ta fama da harshe har gumi ya keto masa. Abin da ya fito shi ne, "Bafillatanin Baba."

Sai na tuna. Muna samari, duk ƙarshen rani in ciyawa ta ƙare, akwai Fulanin da kan zo su roƙi mahaifinmu ganyen maɗacin nan. Wani saurayi a cikinsu, sa'ana, siriri kamar sandarsa, shi ke hawa ya sassaro rassa, shanu na ci a ƙasa. Da gidaje suka toshe burtali shanu suka daina shigowa, shi ma ya daina zuwa. Yaya ya ƙara turo wasu kalmomin, na harhaɗa su: duk zamanin da ake saran nan, maɗacin bai taɓa jefar da reshe ba. Ni ban taɓa lura ba. Ni lokacin ba abin da nake kallo sai 'yan matan da ke kawo nono.

Neman Bafillatani a daji aiki ne. Na tambayi masu nono a kasuwa, wata ta ce sun tashi daga Iku tun da aka yayyanka filin aka yi gidajen haya, wata ta ce in nufi wajen Tafa. Na hau acaɓa, ɗan acaɓan ya yi ta jefa ni a ramuka har hanjina ya sauya wurin zama. A hanya ina ta ganin aikin iskar: ga dogonyaro ya tuge da saiwarsa ya kwanta kan shago, ga mangwaro ya rabe biyu, ko'ina ƙarar inji. Na sami mutumina a bakin ruga yana ɗaure maraƙi. Gemu ya yi fari, amma jikin nan yana nan yadda na san shi. Ni kuwa na sauko daga babur da ƙyar, tumbi na gaba ina biye.

Mahaifiyarmu Babarbariya ce, saboda haka duk Bafillatanin duniya bawana ne, ko ya sani ko bai sani ba. Na ce, "Kai bawa, haka ake tarbar ubangida? Ina shimfiɗa, ina kindirmo?"

Ya ƙare mini kallo, ya ce, "Aradu na gane ka. Ɗan gidan maɗaci, marar kunyar nan, ba telan ba. Wa ya yi maka ciki?"

"Arzikin birni ne. Ku da ke bin wutsiyar saniya ina za ku san shi?"

"To Allah ya sauke ka lafiya."

Muka sha dariya, aka kawo fura. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, na ba shi labarin Yaya, sai ya juya yana kallon shanunsa. Sun rame, ruwan farko bai tsirar da abin kirki ba tukuna. Ya ce zai zo ya gani, amma in maɗacin ya gama kwanansa zai faɗa a gaban kowa, kada in ce bawa ya ci amanata.

Ya zo da sassafe, igiya a kafaɗa, da barandami a hannu, ɗan gatarin nan da suke saran ganye da shi. Ya fara durƙusawa ya gaida Yaya. Yaya ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Sannan Bafillatanin ya shiga zagaya bishiyar. Ya ja da baya har tsallaken titi ya ɗaga kai, ya dawo, ya ƙwanƙwasa gindin da bayan barandami yana kasa kunne, yadda muke buga taya a tasha mu ji ko da iska. Mutanen layi suka taru. Madam ta tsaya a ƙofar shago ta harɗe hannu.

Ya ce, "Wa ya sare rassan ƙasan nan duka?"

Aka kalli juna. Wa ma bai sara ba? Wannan reshe ya taɓa wayar wuta, an datse. Wancan ya hana motar siminti wucewa, an datse. Wani ya rufe wa mai shago allonsa, an datse. Kowa iya inda tsaninsa ya kai yake sara, saboda haka na ƙasa suka ƙare, na sama kuwa ba wanda ya taɓa su tun barin Fulani.

Ya juyo wurina ya ce, "Kai Kaɗo, ka taɓa ganin iska ta ka da shingen ƙaya?" Na ce a'a. "Zana fa?" Na ce kullum. Ya ce, "To kun mai da shi zana, kun kuma ɗaga ta sama. Iska ta zo ba ta sami ƙofa ba, dole ta fasa."

Ya nuna mana inda reshen ya tsage. Cikin baƙi ne, kana sa yatsa yana marmashewa. Ya bi ruɓar da sanda har zuwa wani tsohon kututturen reshe, tsawon kamu guda, wanda wani ya datse tuntuni ya bari a haka. Ta nan ruwa ya yi ta shiga shekara da shekaru.

Madam ta matso ta ce, "Baba, ni tambaya ɗaya gare ni. Za ka rantse mini ba zai sake faɗowa ba?"

Ya ce, "'Yata, ba ni na halicci iska ba, ba zan rantse a kanta ba. Gindinsa dai da ƙarfinsa, na ji. Abin da zan iya, ba reshe mai nauyi da zai sake kwana a kan ɗakinki, kuma zan buɗe wa iska hanya. Sauran na Allah ne."

Na so in tsoma baki in ƙara gishiri, in ce mutumin nan har Kamaru an san aikinsa. Madam ta ɗaga mini hannu ta ce, "Abeg, Baba Kamasho. Da kai ne ka yi maganar nan, har da rantsuwa za ka haɗa, ni kuma in ce a kawo injin yanzu-yanzu." Ta daɗe tana kallon Yaya, shi kuma yana kallon ƙasa, don shi ba mai roƙo ba ne. Can ta ce, "Hadari ɗaya na ba ku. Zan mai da yara ɗakina. In iska ta zo, reshe ko mai kaurin damtsena ya taɓa kwanona, ba sai an sake kiran mai unguwa ba." Na ce na yarda. Ta ce ba da ni take ba. Yaya ya gyaɗa kai.

Bafillatanin ya tuɓe takalmin robarsa, ya yi bisimilla, ya cilla igiya ta kan reshe. Kafin in gama ba mutane labarin irin hawan da nake yi da ƙuruciya, ya kai inda tsuntsu ke sheƙa. Sa'ana fa! Ni da in zan hau dakali sai na dafa gwiwa na ambaci sunan Allah.

Aikin bai ƙare a yini ɗaya ba. Na ga masu sara da yawa, ban taɓa ganin mai sara da tunani irinsa ba. Sai ya zauna a kan reshe ya yi ta kallo kamar mai jiran mota, har ka ce ya manta abin da ya hau yi, sannan ya matsa. Kowane reshe sai ya fara yi masa sara ta ƙasa kafin ya koma ta sama, don in ya karye ya rabu cak, kada ya ɗaye ɓawon uwar. Ba ya barin kututture, ba ya kuma shiga cikin jiki. Akwai wani ɗan kumburi a gindin kowane reshe, daidai nan yake tsayawa, ya ce da shi bishiya ke rufe mikinta. Matattu ya fara fitarwa, sai masu gugar juna, sai waɗanda suka fito wuri ɗaya suka matse kamar yatsu, ya cire ɗaya ya bar ɗaya. Dogayen da suka miƙa kan gidaje kuwa tsawo ya rage musu, zuwa inda wani ƙaramin reshe ya fita, don nauyin ya dawo kusa da jiki. Ƙololuwar can tsakiya bai taɓa ta ba.

Duk mai nauyi sai ya ɗaure shi kafin ya sara, ya zarga igiyar ta wani reshe, ya jefo mana bakinta. 'Yan acaɓan layinmu suka riƙe, ni na zama mai ba da umarni: "A sassauta! A riƙe! Kai mai jar hula, ba ka karya ba ne?" Daga sama ya leƙo ya ce, "A ba ɗan Barebarin nan goro ya toshe bakinsa, yana ruɗa mini mutane."

Shanu ba su da hanyar shigowa, sai ganye ya tafi wurinsu. Keke mai ƙafa uku aka yi ta cikawa, ganye ta ko'ina har ba ka ganin direba, yana tafiya kamar kurmi ya sami taya.

Da na ga abin na tafiya daidai sai wayo ya taso mini. Na ɗaga kai na ce tunda an hau an hau, ya yi masa aski ƙwal mana, a bar gungume kawai, kowa ya huta, shanunsa ma su ƙoshi. Haka nake ganin ana yi wa bishiyoyin bakin titi. Ya ce, "Kai in ka tatse saniya ƙarƙaf, maraƙi ya sha me?" Ya ce in aka yi masa haka zai yi toho da yawa a bakin saran, dogaye marasa ƙwari, manne kawai a ɓawo, bayan 'yan shekaru su ne za su riƙa zubowa kan mutane. Ga shanunsa da yunwa, ga ganye a hannunsa ba mai hana shi, amma ya sauko ya bar fiye da abin da ya ɗiba. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu a tasha ba mu san a bar wani abu don baɗi ba.

Ban daddara ba. Na je wurin makanike na ɗauko galan na baƙin mai, na ce a shafe mikin da shi kada ya ruɓe, babban tsagin kuma a cusa masa siminti. Ya sunsuna galan ɗin ya ce, "Ka fara shafawa a naka ciwon, in ya warke ka kawo." Ya gyara bakin tsagin da wuƙa ya yi sumul, ya karkata shi yadda ruwa ba zai kwanta ba, ya ce a bar wa iska da rana.

Sai ya zo kan dakali. Shekarun baya mu 'yan layi mun zagaye gindin maɗacin da dakalin siminti, mun shafe ƙasan har bakin kwata, muna alfahari da shi. Ya ce a fasa. Na ce kai, nan fa manya ke zama. Ya ce, "Manya su kawo tabarma. Kun shaƙe masa wuya, kun rufe masa baki, ta ina zai sha ruwa?" Aka kawo guduma. Da aka ɗaga simintin sai ga ɓawon wurin ya jiƙe ya yi laushi, tururuwa sun yi gida. Ya sa aka buɗe fili kewaye, aka zuba busasshen ganye da takin da keken ya dawo da shi daga ruga. Ya kuma ja kunnenmu a kan masu sassaƙar ɓawo don maganin ciki: su ɗiba kaɗan ta gefe ɗaya, in suka zagaye shi sun yanka shi ke nan.

Gaskiya da aka gama ban ji daɗin ganinsa ba. Ana hango sama ta cikinsa ta ko'ina. Wani ya ce kamar kazar da aka fara figa aka fasa. Inuwar ta zama dabbare-dabbare. Bafillatanin ya naɗe igiyarsa, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce shanu na jira. Na raka shi bakin titi na ce, "Je ka, na 'yanta ka rabi." Ya ce, "Riƙe rabin, ka ƙara a zariyar wandonka."

Daga nan sai jira. Ban taɓa kallon gabas kamar kwanakin nan ba. Madam ma in ta fito zubar da ruwa sai ta ɗaga kai. Aka yi yayyafi, aka yi wani ruwa mai hankali, na je ina washe baki, ta ce waɗannan ba sa ciki, ita iska ta ce. Mai injin ya aiko cewa ya kusa.

Ta zo wata rana bayan azahar. Tun safe ake zafi, sai gari ya yi ɗif, sai duhu ya taso ta bayan duwatsu. Masu talla suka fara gudu. Maiɗakina ta tafi unguwa, 'yan acaɓa sun watse, daga ni sai Yaya. Na kama kujerar zan ja shi zaure, sai ya tokare ƙasa da ƙafarsa mai lafiya. Na ce, "Yaya, don girman Allah." Ya girgiza kai, ya nuna sama da haɓa. So yake ya gani, zaurenmu kuwa ƙofarsa ba ta kallon bishiyar. Iskar farko ta iso ta watsa mana ƙasa a ido. Ni ga tumbi ga ciwon baya, na kasa ɗaga shi ni kaɗai.

Sai ga Madam a guje, ɗankwali a hannu. Ta ce, "Ku tsofaffin nan za ku kashe ni! Kama can!" Ta kama hannun kujera ɗaya, na kama ɗaya. Na nufi zaure, ta ce, "Ina? Shago ya fi kusa!" Muka shigar da shi tsakanin buhun shinkafa da katan-katan na taliya, ta bar ƙofa ɗaya a buɗe. Yaranta suna makaranta ba su dawo ba. Sai da muka ajiye shi na tuna shagon nan a ƙarƙashin maɗacin yake. Ita ma na ga ta tuna, don ta kalli silin ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Iskar nan ba ta gaza ta farko ba. Allon mai kemis ya tashi, tankin ruwan roba na wani bene ya faɗo yana birgima a titi, wayoyin wuta na kaɗawa kamar igiyar shanya. Maɗacin ya sunkuya, ya miƙe, ya sake sunkuyawa. Amma ba irin ta da ba, da yake tafiya gaba ɗaya kamar mai ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinsa. Kowane reshe rawarsa yake yi daban, iskar na shiga ta nan tana fita ta can tana fito. Ganye da 'yan tsinkaye suka yi ta sauka a kwano. Kowane ƙas sai Madam ta ce "Jizos," ni in ce "Innalillahi," har muka zama kamar mai waƙa da ɗan amshi. Yaya kuwa ko ƙiftawa ba ya yi.

Da ruwa ya sauko sosai iskar ta kwanta. Da ya tsagaita Madam ta ɗauko tsani. Na ce zan hau in duba mata, ina fatan ta hana ni. Ta ce rahotona ba zai yi mata amfani ba, ta ɗaure zani ta hau da kanta, ni na riƙe mata. Ta sauko da mafi girman abin da ta samu a kan kwanon, ta ɗora shi a damtsenta a gaban Yaya. Bai kai kaurin babban yatsanta ba. Ta jefa shi kwata ta shiga shara.

Ba a daɗe ba mai injin ya zo, inji a kafaɗa, jarkar fetur a hannu. Na miƙe ina gyara murya, don na shirya masa jawabi. Madam ta riga ni, daga cikin shago ta ce, "Oga, yi haƙuri, an fasa." Ya ce mai unguwa fa? Ta ce, "Kwanon mai unguwa ne ko nawa?" Ya kalli maɗacin, ya ja tsaki, ya tafi.

Amma ta kafa sharaɗi. Duk ƙarshen rani, kafin hadarin farko, Bafillatanin ya zo ya duba. Shekarar da bai zo ba, maganar inji ta dawo. Ni ne ɗan aike. Haka nake hawa acaɓa duk shekara in je nemansa, kuma duk shekara rugar ta ƙara nisa. Da na ba shi labarin iskar ina ta zuzutawa, ko murmushi bai yi ba. Ya ce saiwar ɓangaren kwata an datse ta tun lokacin gini, ba abin da zai iya yi mata, ranar da ya ga ƙasa ta fara tsagewa ta wancan gefen shi da kansa zai ce a sare. Na ce bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ya ce gara in ji daga bakinsa da in ji daga kan kwano.

Bana ma ya zo ya hau, sai dai na ga ya daɗe a reshen farko yana mai da numfashi kafin ya ci gaba. Ban tsokane shi ba, abin da ban saba ba. Babban tsagin ya fara rufewa ta gefe-gefe, ɓawo na naɗowa kamar leɓe.

Yaya na nan a gindinsa. Sai dai tun da aka buɗe wa iska hanya rana ma ta sami tata, inuwar ba ta zama wuri ɗaya, saboda haka aikina yanzu jan kujera ne. In rana ta taɓa masa ƙafa sai ya buga hannun kujera, in taso in matsar da shi, in koma in zauna, kafin in gama ɓare goro ya sake bugawa. Ina zargin wani bugun ma ba na rana ba ne. Jiya na ce masa, "Yaya, ai nan inuwa ce." Ya dube ni, bakin nan da ya karkace ya ƙara karkacewa, ya sake bugawa. Na tashi na ja.